Yadda na bi matakan aikin rahoton siyasa a talabijin

Aikin farko da aka bani a tashar talabijin ba shi da hadi da fitowa a allo ko kadan. Kujera aka nuna min a lungun dakin labarai, da kwamfuta da abin sawa a kunne, aka ce duk hoton da 'yan rahoto suka dawo dashi daga taron 'yan siyasa ni zan zauna in saurara daga farko har karshe, in rubuta abin da kowa ya fada da daidai minti da sakan din da ya fade shi, saboda in mai tace hoto yazo neman wata magana kar ya bata lokaci yana lalube. Na karanta aikin jarida a makaranta, na san ka'idojin rubuta labari, amma a kan wannan kujerar kunnena ya fara budewa. Minista zai yi minti arba'in yana magana, gaisuwa da jero sunayen manyan baki su cinye goma, yabon gwamnati ya cinye ashirin, shi kuwa labarin yana makale a wata jimla daya da ya fada da sauri can wajen karshe lokacin da kowa ya fara hada kayansa, wani lokacin ma ba a cikin jawabin yake ba, a bakin mota ne da wani ya jefa masa tambaya yana kokarin shiga.

Editan siyasa na lokacin dattijo ne mara yawan magana, Oga muke ce masa, kuma tambaya daya gareshi in na kai masa takarda, "Toh me ya canza?" In nace ai ministan yace gwamnati ta kuduri aniyar gyara harkar lantarki, sai yace wannan ya fada bara, ya fada bara waccan, jeka nemo min abin da bai taba fada ba ko abin da ya ci karo da wanda ya fada a baya. Daga nan na bude wani littafi nawa na kaina, duk alkawarin da wani mai mukami yayi wanda akwai adadi ko wa'adi a ciki sai in rubuta, waye ya fada, a ina, wace rana, da lambar faifan da maganar take ciki. Har yau ina yi, ya dai koma cikin waya ne, kuma babu abin da ya taimake ni a aikin nan kamarsa. Kunnen ma sai ya koyi rabe zance, an amince da kudi daban da an saki kudi, an kafa kwamiti daban da an hukunta wani, in kuma kaji "muna duba lamarin" yawanci ko fayil din ba a bude ba.

Bayan wasu watanni aka fara hada ni da masu fita, ni ne mai dakon kafar kyamara da jakar batir da wayar makirfo. Mai daukar hoton da na fi fita dashi ya girme ni sosai, Baba nake ce masa, shi ya fara nuna min matsalar siyasa a talabijin, wato ba ta da hoto. Gobara tana da hoto, ambaliya tana da hoto, kwallo ma haka, ita kuwa siyasa mutane ne zaune a daki suna magana, abin da ya fi muhimmanci kuma sai an fitar da 'yan jarida an rufe kofa ake yinsa. Dole ka koyi tara hoton da zai dauki nauyin labarin, isowar motoci, wa ya gaisa da wa, wa ya kauda kai, kujerar da aka lika wa sunan wani amma har aka tashi ba kowa a kanta. Baba baya kashe kyamara don an ce taro ya tashi, yace a wannan minti biyun fuskoki suke komawa yadda suke. In gangamin kamfen muka je kuwa sai ya nemi wuri mai tudu ya dauko filin gaba daya, gaba da baya, saboda in ka matso da kyamara kusa mutum dari sai su cika allo mai kallo ya dauka dubbai ne, kuma masu shirya taron sun san haka, shi yasa suke ware mana wajen tsayuwa daidai inda jama'a suka fi cunkushewa. Ba yau suka fara sanin darajar hoto ba. Tun muhawarar 'yan takarar shugaban kasa Kennedy da Nixon a Amurka ranar 26 ga Satumba 1960, wadda Nixon ya fito a rame bayan jinyar gwiwa yana ta gumi a gaban fitilu shi kuma Kennedy fes dashi, 'yan siyasa suka gane yadda aka ganka yana iya danne abin da ka fada.

Rubutun kansa sai da na sake koyo. A talabijin ana lissafin kamar kalma uku a sakan daya, rahoto kuma minti daya da rabi ne zuwa biyu, in ka cire muryoyin mutum biyu ko uku da zaka saka a ciki abin da ya rage maka da kyar ya kai kalma 200, a ciki zaka bayyana rikicin jam'iyyar da aka shekara ana yi. Kuma ba ka fadin abin da ido ya riga ya gani, in hoto ya nuna suna musabaha kai aikinka ka fadi cewa rabonsu da zama daki daya tun zaben fidda gwani.

Da aka ga na fara iya hada rahoto ni kadai sai aka nema min katin shiga majalisa, aka ce daga yau can ne wurinka. Abu na farko kowace safiya shine ka karbi takardar jerin ayyukan ranar ka karanta tsaf kafin a shiga zama, ka ja layi a karkashin abin da zai iya tada kura. Sai ka san hanyar da kudirin doka yake bi, karatu na farko da sunansa kawai ake ambata, karatu na biyu da ake muhawara kan manufarsa, a mika wa kwamiti, a ji ra'ayin jama'a, ya dawo karatu na uku, in majalisu biyu ne sai dayar ma ta amince, sannan ya jira sa hannun shugaba. Wanda bai san wannan ba shine zaka ga ya fito a allo yana cewa majalisa ta kafa doka alhali karatu na biyu kawai aka tsallake, ko kuma matsaya ce aka cimma ta yin kira ga gwamnati wadda bata daure kowa ba. Wannan abin yana bata min rai har yanzu, don na ga yadda yake daga hankalin mutane a banza, bawan Allah ya kwana da tunanin an kara masa haraji ko an hana sana'arsa a kan abin da watakila ba zai taba zama doka ba.

Shi zauren majalisar kuma gaskiya wani kaso na abin da ake yi a ciki don kyamara ake yi. Majalisar wakilan Birtaniya sai a 1989 ta yarda aka shigar da kyamarar talabijin zaurenta bayan an dade ana ja-in-ja, kuma cikin abin da masu kin yarda suke tsoro har da cewa 'yan majalisa zasu koma yi wa allo magana. Ta wani fannin sun yi gaskiya. Akwai Honorabul din da zai mike ya daga murya ya doki tebur idonsa na kan inda muke tsaye, amma in an koma dakin kwamiti inda ake bin kasafin kudi layi-layi ba zaka ganshi ba. Ni a dakin kwamiti na samu mafi yawan labaran da nake alfahari dasu, wurin da 'yan jarida basu cika son zama ba saboda gajiya, ka dauko kundin kasafin bana ka ajiye kusa da na bara ka ga aikin da aka ce an gama ya sake dawowa da sabon suna, ko ka ji shugaban wata ma'aikata yana gaya wa kwamiti da bakinsa cewa kudin da aka amince masa ko rabi ba a sakar masa ba. Akawun kwamiti da kananan ma'aikatan majalisa sun fi 'yan majalisa da yawa sanin abin da ke cikin takardu, in ka girmama su baka taba jefa su a matsala ba zasu nuna maka shafin da ya kamata ka duba.

Sai kuma tsayuwar baranda, wadda duk dan rahoton siyasa ya santa. Jam'iyya ta shiga ganawar sirri, an ce awa daya, ku kwashe awanni a tsaye bakin kofa kuna tattalin batir, kana lura da wa ya fito da wuri fuska a daure yana danna waya, wane direba aka kira ya tada mota, wa aka aika ya dauko wata takarda da gudu. Daga karshe mai magana da yawun jam'iyya ya fito yana murmushi yace an tattauna cikin 'yan uwantaka kuma an fahimci juna. Zaka dauki wannan ka saka, don hakkinsa ne a ji bakinsa, amma daga nan aikinka ya fara, ka koma gefe ka kira mutum daga wannan bangaren ka kira wani daga wancan, duk zasu ce maka "wannan tsakaninmu ne kar ka ambaci sunana," abin da bakinsu ya hadu a kai shi zaka iya fada, abin da mutum daya ne kawai ya gaya maka ka rike shi tukuna. Oga ya koya min duk wanda ya tsegunta maka magana ka tambayi kanka me yasa ni, me yasa yau, wa zai ji ciwo in ta fita. Ba wai don ka ki amfani da ita ba, sau da yawa mai jin haushi ne yake fadin gaskiya, amma dai ka san hannun waye a bayan abin da kake dauke dashi.

Wata rana da yamma hadimin wani babban dan siyasa ya turo min hoton wata wasika, da hatimi da sa hannu da komai, wai abokin hamayyarsu ya bada umarnin a fitar da wasu kudi ba bisa ka'ida ba. Saura kadan a shiga labaran dare. Na kai wa Oga, ya cire tabarau ya kura mata ido, yace ina ta asalin, nace hoto kawai aka turo. Yace kira wanda sunansa ke jiki ka karanta masa ita ka ji me zai ce, ni kuma zan sa a duba lambar fayil din. Kafin a gama wannan wasikar ta cika Facebook da WhatsApp, wasu tashoshin har sun karanta, ana ta kirana ana cewa ku me kuke jira. Bamu saka ba a daren. Washegari ta tabbata kwanan watan da ke jiki mutumin baya ma kasar, sa hannun kuma daga wata wasikar aka yanko aka manna. A ranar Oga ya bani labarin Dan Rather na tashar CBS, mutumin da ya shafe shekara 24 yana karanta labaran yamma a Amurka, wanda a 2004 ana dab da zabe ya gabatar da wasu takardu kan zaman George W. Bush a aikin soja, daga baya tashar ta kasa tabbatar da ingancinsu ta nemi afuwa, wasu suka rasa aikinsu, shi ma a 2005 ya bar kujerar.

Maganar ambulan kuwa ba zan tsallake ta ba. Ana tashi daga taro zaka ga wani hadimi yana bin 'yan jarida daya bayan daya yana cewa ga kudin mota. Bana saurin zagin wanda ya karba, na san albashin masu farawa, na san akwai wuraren da ake watanni ba a biya ba, kuma laifin masu gidajen da suke tura yaro aiki ba ko sisi ya fi nasa. Amma kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Ba rahoton yau ake saya ba, na yau ai dama zaka yi, tambayar da zaka hadiye wata mai zuwa ita aka biya. Kuma wallahi kudi ba shine mafi hatsari ba, sabo ya fi shi, mutum ya san sunanka ya san sunan 'ya'yanka, ya kira ka in baka da lafiya, ya baka kujera a jirginsa in za a tafi kamfen, ya baka labari kafin kowa, ranar da tasa ta taso sai kaji nauyi ya hana ka bude baki. Dole ka matsa kusa dasu don in baka kusa ba zaka ji komai ba, amma sai ka dinga auna kanka, in yau aka kama wannan mutumin da laifi zan iya tsayawa gaban kyamara in fada yadda yake? Wanda na ji amsar ta fara yi min wuya a kansa sai in ce wa edita a ba wani labarinsa.

Fitowa kai tsaye daga baya ta zo, kuma ita ce mutane suka dauka ita ce aikin. Kana tsaye da makirfo, a kunnenka furodusa na kirga maka sakan, kana jin muryar mai gabatarwa daga situdiyo, a bayanka magoya baya suna ihu suna leko fuska, wani lokacin kana tsakiyar magana a ce maka ka kara minti biyu don bakon da ake jira bai iso ba. Abin da ke ceton mutum shine ya rike abu uku a kansa kafin a kunna, me ya faru, me ake jira, me har yanzu ba a tabbatar ba, in aka tambaye shi abin da bai gani ba yace ba a tabbatar ba tukuna. Cike gibi da hasashe a nan ake yinsa, kuma maganar da ta fita kai tsaye ba a tace ta.

Hira ita ce inda na fi dadewa ina koyo, kuma ita na fi so. Dan siyasar da ya kware baya zuwa situdiyo don ya amsa tambayarka, yana zuwa da magana biyu ko uku da ya shirya zai fada ko me ka tambaya, an ma koya musu yadda zasu taba tambayar kadan su zille su koma kan nasu. Don haka jerin tambayoyi goma sha biyar da ka rubuto ba zasu yi maka amfani ba in baka sauraro, don da yawa masu farawa bako na magana su idonsu na kan takarda suna neman tambaya ta gaba, har ya fadi abin mamaki ya wuce basu ji ba. Ni yanzu abu daya nake shiga dashi wanda nake so mai kallo ya tashi ya sani, sai in zauna tun kafin ranar in lissafo hanyoyin da zai bi ya kauce, in tanadi abin da zan tare kowace dashi.

Akwai wani minista da ya taba zuwa shirina, a littafina ina da alkawarin da yayi cewa za a kammala wani aiki kafin karshen shekara, shekarar ta kare har an shiga wata. Nace ranka ya dade, ka ce za a gama kafin karshen bara, an gama? Ya gyara zama yace da farko yana so ya gode wa tashar nan, sannan ya kamata jama'a su tuna halin da suka tarar da ma'aikatar. Na barshi ya kai aya, don katse mutum tun bai fara ba yana sa mai kallo ya koma tausayinsa. Nace na ji wannan ranka ya dade, amma an gama? Yace aiki ya yi nisa sosai. Nace nisan kashi nawa cikin dari? Yace ba zai so ya fadi adadi a nan ba. Sai na nemi a saka faifan, muryarsa da fuskarsa suka fito a allon da ke gabanmu yana fadin wa'adin da bakinsa, da aka dawo kanmu ban ce komai ba, na dube shi kawai. Shirun sakan uku a talabijin yana da tsawo sosai, furodusa na ce min a kunne yi magana yi magana, shi ya riga ni, yace gaskiya ba a sakar musu kudin ba sai a watan tara. Wannan jimlar ita ce labarin, kuma washegari ita aka kai gaban ma'aikatar kudi.

Duk mai wannan aikin ya san hirar Jeremy Paxman na BBC da Michael Howard a 1997, inda ya maimaita masa tambaya daya fiye da sau goma kan ko ya yi wa shugaban hukumar gidajen yari barazanar soke hukuncinsa lokacin yana ministan cikin gida, shi kuma yana ta kewaye-kewaye. Matasa suna son kwaikwayon wannan, amma ni ina ganin abin da ya sa tayi aiki shine tambayar gajera ce, amsarta eh ko a'a, kuma kowa na gani ana kin amsawa. In tambayarka ta kai layi hudu ka bashi kofa hudu ya zabi wadda zai fita. Ita kuma hirar David Frost da Nixon a 1977, shekara uku bayan Nixon ya yi murabus daga shugabancin Amurka, inda har ya furta cewa in shugaban kasa ne yayi abu to bai saba doka ba, an dauki awanni da yawa ana nada kafin a kai nan, kuma biyan Nixon aka yi dala 600,000 kafin ya zauna, abin da har yau ake gardama a kai. Ni dai bana biyan bako kuma bana tura tambayoyi kafin hira, ina fada masa batutuwan da za a taba, shikenan.

Daren zabe shine jarrabawar kowa. Kana cibiyar tattara sakamako ido ya yi ja, wakilan jam'iyyu kowa na zuwa yana rada maka alkalumansa yana cewa mun riga mun ci ku fada kawai, a waya ana yawo da sakamakon da ba a san wanda ya rubuta ba, daga ofis kuma ana ce maka wata tashar ta fara bada lambobi. Ka'idata ita ce abin da jami'in zabe ya karanta da bakinsa a gabana shi nake fada, in fadi daga ina ne, in fadi saura wurare nawa, kuma bana cewa wane ya ci sai hukumar da doka ta ba ikon ta ayyana. Manyan tashoshin Amurka da duk kayan aikinsu a daren 7 ga Nuwamba 2000 sun ba Al Gore jihar Florida suka janye, can cikin dare suka ba Bush suka sake janyewa, maganar da sai a watan Disamba kotun koli ta rufe ta, tazarar kuma kuri'a 537 ce kacal. Su abin ya tsaya a jin kunya da binciken majalisa, amma a wurin da zukata suka riga suka dau zafi lamba daya da ka fada ba daidai ba tana iya fitar da matasa kan titi kafin ka gyara.

Matsin lamba kuma kala-kala ne. Akwai na fili, kamar yadda gwamnatin Kenya ta rufe tashoshin Citizen TV da NTV da KTN a karshen Janairun 2018 saboda nuna taron da madugun adawa Raila Odinga ya rantsar da kansa a matsayin shugaban jama'a, ko 'yan jaridar Al Jazeera uku da aka kama a Masar a Disambar 2013, wanda daya daga cikinsu Peter Greste sai da ya yi kwana 400 a tsare. Amma wanda yawancinmu muke haduwa dashi ba shi da kara, waya ce ake bugawa mai tashar ba kai ba, sai kawai kaji an ce hirar da ka nada an dage ta, ko talla ta daina zuwa, ko katinka na shiga wani ofishi ya ki sabuntuwa. Ga zagin intanet, safe 'yan gwamnati su ce an saye ka yamma 'yan adawa su ce an saye ka, har iyalinka sai an jawo ciki. Abin da na koya shine in ajiye cikakken faifan duk hirar da nayi ba wanda aka tace ba, in rubuta wa edita a takarda duk lokacin da aka nemi in cire wani abu, kuma in aka hana labari yau in nemi wata kofar da zai fito ta ita da hujjar da ta fi ta farko karfi.

Matakin da ba a cika gaya wa mai shiga aikin ba shine wanda yake zuwa bayan fuskarka ta zama sananniya. Wata rana wani daga cikin wadanda kake yi wa tambaya zai kira ka gefe yace yana so ka zo ka zama mai magana da yawunsa, albashin ya ninka naka sau da yawa, ga mota ga ofis. Abokan aikina da dama sun tafi, wasunsu sun fi ni iya aikin, kuma ban ga laifinsu ba, aiki ne na halal in mutum ya fito fili ya ajiye makirfo. Wanda bana yarda dashi shine mai son rike biyun, yana rubuta wa dan siyasa jawabi da dare yana yi masa tambaya da safe, ko wanda zai je ya dawo bayan an fadi zabe ya zauna a kujerar da ya bari kamar ba inda ya je. Ni ma an yi min tayin, wani Sanata ne da muka dade da sanin juna tun ina tsayuwar baranda, ya aiko aminin sa sannan ya kira da kansa. Nace masa ranka ya dade na gode da ka ga na cancanta, amma ina son aikin da nake yi, kuma in na zo wurinka ba zan iya dawowa ba. Ya ce in yi tunani, nace na yi. A ranar na shiga na fada wa shugaban sashenmu yadda muka yi, don kar ya ji a wani wuri kuma don ya yanke ko zan ci gaba da daukar labaran Sanatan, yace in ci gaba amma duk hirar da zan yi dashi wani edita daban zai duba tambayoyin. Bayan wata biyu kwamitin da Sanatan yake shugabanta ya zauna kan wani rahoton bincike ya ki fitarwa, muka gayyace shi shirin, ya zo, na tambaye shi ranar da za a fitar, ya bada rana, na rubuta.